Hunturu da Ƙwallon Ƙafa: Shin Ya Dace a Kai Babban Wasa Parakou ko Djougou?

1.0 Gabatarwa

A ranar 2 ga Fabrairu, 2014, Amurkawa suka yi wani abin da ba su taɓa yi ba. Suka ɗauki wasan ƙarshe na gasar ƙwallonsu, wato Super Bowl, suka kai shi wani fili marar rufi a jihar New Jersey, daf da birnin New York, a tsakiyar lokacin sanyi. Ƙwallon da ake nufi a nan ba irin tamu ba ce, ita ce mai siffar ƙwai wadda ake rungumewa a ruga da gudu. Kafin wannan rana, ƙa'idar masu gasar ita ce ba a ba gari wannan wasa sai in yanayinsa a wannan lokaci yana kai wa digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, ko kuma filinsa yana da rufi. Sai aka jingine ƙa'idar domin New York, daga nan kuma gardama ta kaure. Wasu suka ce zalunci ne a tara mutum dubu tamanin cikin dusar ƙanƙara, a kuma bar iska ta yanke hukuncin wanda zai ɗauki kofi. Wasu suka ce ai ƙungiyoyin garuruwan sanyi a cikin sanyin suke wasa duk shekara, don me za a hana mutanensu ganin wasan ƙarshe a gida? Da ranar ta zo sai yanayi ya yi sauƙi, aka take ƙwallo ma'auni yana kan digiri 9, ƙungiyar Seattle ta lallasa ta Denver da maki 43 da 8. Washegari da safe dusar ƙanƙara ta rufe birnin, har aka soke tashin jirage masu yawa.

Wannan takarda za ta ɗauko wannan tambaya ta kawo ta kusa da gida, wato garuruwan Parakou da Djougou na arewacin Jamhuriyar Benin. A can ma akwai lokacin da mutane ke kira lokacin sanyi, kuma shi ne lokacin da aka saba buga gasar cin kofin ƙasashen Afirka. Za a duba ko wane irin sanyi ne wannan, da abin da yake yi wa ɗan wasa da ɗan kallo, da kuma ko shi ne ainihin abin da ya hana waɗannan garuruwa ganin babban wasa.

2.0 Garuruwan biyu

Parakou ita ce birni mafi girma a arewacin Benin, kuma hedikwatar lardin Borgou, wato ƙasar Bargu. Tana da nisan kilomita 400 da 'yan kai daga Kwatano. A nan layin dogo da Faransawa suka shimfiɗa daga bakin teku ya tsaya a 1936, bai ƙarasa Nijar ba, saboda haka garin ya zama mahaɗar manyan motocin da ke ɗaukar kaya zuwa Gaya da Dosso da Yamai da Maraɗi. Ƙidayar 2013 ta nuna mutanen garin sun haura 250,000. Djougou kuwa tana arewa maso yamma da Parakou, tafiyar kilomita 135 ko kusa da haka, ita ce hedikwatar lardin Donga. Fataken Hausawa na da sun san ta da sunan Zugu, domin babban zango ce a kan hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja. Harshen kasuwa a garuruwan biyu shi ne Dendi, ɗan'uwan Zabarmanci, amma Hausa tana nan daram a unguwannin Zango da tashoshin mota da kasuwannin dabbobi. Ɗalibin harshe zai so ya lura da sunan babbar kasuwar Parakou, wato Arzeke. Kalmar nan ce tamu ta arziki, wadda asalinta Larabci ne.

Ba baƙin ƙwallo ba ne mutanen nan. Ƙungiyar Buffles du Borgou ta Parakou, wato Ɓaunayen Bargu, ta sha zama zakarar ƙasar, ciki har da shekarun 2014 da 2017, kuma a 2015 ta kara da Enyimba ta Aba a gasar zakarun Afirka. Djougou tana da tata ƙungiyar, Panthères, wato Damisoshi. Duk da haka, lokacin da Benin ta karɓi baƙuncin gasar matasan Afirka 'yan ƙasa da shekara 20 a watan Janairun 2005, wadda Nijeriya ta ɗauka bayan ta doke Masar da ci 2 da nema, Benin kuma ta zo ta uku, a Kwatano aka yi ta aka gama. Ɗan arewan da ke son kallo sai da ya yini a mota.

3.0 Wane irin sanyi?

Kafin a ci gaba, wajibi ne a tsaya a kan kalmomi, domin a nan ne ɗalibi kan ruɗe. Bahaushe ya raba shekara zuwa bazara da damina da kaka da rani, kuma a farkon rani ne hunturu ke sauka. Yana kuma bambanta sanyi da ɗari. Sanyi kalma ce mai faɗi: ruwan randa yana da sanyi, inuwar kuka tana da sanyi, bayan an ɗauke ruwan sama gari kan yi sanyi. Ɗari kuwa shi ne busasshen sanyin da iskar hunturu ke kawowa, mai fasa leɓe da dunduniya, mai sa fata ta yi furu-furu. In ya tsananta a ce ana muku-muku, ko a ce jaura ta sauka. Ƙurar da iskar ke ɗauke da ita, wadda ke dusashe rana har mutum ya iya kallonta ido da ido, ita ce hazo. Saboda haka in wani a tashar Djougou ya ce maka, "Malam, yau an tashi da ɗari," ba yana nufin abin da mutumin New York ke nufi ba ne.

Iskar hunturu tana tasowa ne daga Sahara, ta busa daga arewa maso gabas zuwa bakin teku, daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Kaso mai yawa na ƙurarta daga kwarin Bodele na arewacin Cadi yake fitowa, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar laka mai laushi kamar gari. Da yake iskar ba ta da laima, kuma babu gajimaren da zai riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, da zarar rana ta faɗi sai zafin ya tsere sama. Shi ya sa a Parakou da Djougou ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 20 da asuba a watan Disamba da Janairu, wani lokaci ya kusanci 15. Amma kafin la'asar ya sake hawa ya haura 30, sau da yawa ya kai 34 ko 35. Ashe ke nan garin da ake cewa yana fama da sanyi, a lokacin da ake buga ƙwallo ya fi Kwatano zafi a kan ma'auni. Mai acaɓan da ya fito da asuba da rigar sanyi da hular sanyi, shi ne za ka gani da azahar yana neman inuwa.

A kwatanta wannan da abin da ake kira sanyi a wasu wurare. A ranar 31 ga Disamba, 1967, an buga wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a garin Green Bay ma'auni yana wajen digiri 25 ƙasa da sifiri, har usur ya manne wa alƙalin wasa a leɓe. A ranar 2 ga Fabrairu, 2022, Amurka ta kai Honduras garin Saint Paul na jihar Minnesota a wasan neman gurbin kofin duniya, cikin sanyin da ya zarce digiri 15 ƙasa da sifiri, aka kuma cire 'yan wasan Honduras biyu a hutun rabin lokaci saboda sanyi ya kama su. Wannan shi ne sanyin da ke iya kisa. Ɗarin Parakou ko kusa bai kama ƙafarsa ba. Hasali ma, digiri 15 zuwa 20 ɗin da ke sa mutanenmu hura wuta a ƙofar gida, shi ne yanayin da ɗan wasa zai fi so ya yi gudun minti casa'in a cikinsa.

4.0 Abin da jiki ke ji

Ɗan wasa a fili tamkar murhu ne. Mafi yawan ƙarfin da tsokarsa ke ƙonawa zafi yake zama, kuma hanyar da jiki ya fi dogara da ita wajen fitar da wannan zafi ita ce zufa. Sai dai ba fitar zufar ce ke sanyaya jiki ba, bushewarta ce. Duk wanda ya san yadda tulu ke sanyaya ruwa ya san wannan: ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska na busar da shi, na ciki na yin sanyi. Tulu ya fi aiki a lokacin hunturu saboda iska a bushe take. A bakin teku, inda iska ta ƙoshi da laima, zufa kan jiƙa riga sharkaf ta yi ta ɗiga ba tare da ta bushe ba, jiki kuma ya ci gaba da ɗaukar zafi. Saboda haka digiri 33 na Parakou a Janairu yana iya fin digiri 30 na Kwatano ko Legas sauƙi ga mai gudu.

Wannan ne dalilin da ya sa hukumar FIFA ba ta dogara da ma'aunin zafi na yau da kullum wajen yanke shawarar ba da hutun shan ruwa. Ta yi amfani da wani ma'auni mai haɗa zafin iska da laima da ƙarfin rana da kaɗawar iska, ta ce in ya kai 32 a tsayar da wasa wajen minti na 30 da na 75 a sha ruwa. A gasar kofin duniya, an fara ganin wannan hutu a hukumance a Burazil a 2014, a wasan Holan da Meziko a garin Fortaleza.

Amma busasshiyar iska tana da nata makircin. Da yake zufar tana bushewa nan take, ɗan wasa ba ya ganin yawan ruwan da ke fita daga jikinsa, sai dai ya ji maƙogwaro ya bushe, ƙafa ta yi nauyi, jijiya ta ɗaure. Ga kuma ƙura. Hazo mai kauri yana sa tari da mura da jan ido, yana sa haɓo, yana tayar wa mai asma ciwonsa, kuma mai gudu yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin wanda ke zaune. A ra'ayina, in akwai hujja ta gaskiya a kan kai babban wasa arewacin Benin a hunturu, to ƙura ce, ba ɗari ba. Ita ce kuma ke iya hana jirgi sauka, kamar yadda matafiya ta Kano da Sakkwato da Maiduguri suka sha gani. Sai dai hazo mai kauri irin wannan ba kullum ba ne, yakan zo ne ya yi kwanaki ya wuce, kuma ƙarfinsa yana raguwa yayin da aka yi kudu. Abin da ya isa Parakou bai kai wanda ke sauka a Damagaram ko Kano ba.

Akwai wani abu kuma da ke tafe da rani wanda ba a cika haɗa shi da wasanni ba, wato sanƙarau. Arewacin Benin yana cikin yankin da wannan cuta ke ɓarkewa, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha, kuma lokacinta shi ne lokacin ƙura da zafi, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce. A 1995 FIFA ta ƙwace gasar matasa ta duniya daga hannun Nijeriya ta kai Katar, hujjar da ta bayar kuwa ita ce ɓarkewar sanƙarau da kwalara, ko da yake 'yan Nijeriya da dama sun ɗauka siyasa ce. Sai a 1999 aka maido wa Nijeriya gasar, aka buga ta a watan Afrilu, Kano da Kaduna da Bauci suna cikin masu masauki, a tsakiyar bazara.

5.0 In ba hunturu ba, sai yaushe?

Wanda ya ƙi hunturu sai ya faɗi watan da yake so. Maris da Afrilu su ne mafi zafi a Parakou da Djougou, ma'auni yakan haura 36, ga gumi ya fara shigowa gabanin ruwa. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce guda ɗaya doguwa, ba kamar Kwatano mai damina biyu ba, ruwan shekara yakan haura milimita 1,100, mafi yawansa kuma a Yuli da Agusta da Satumba, lokacin marka. Ruwan yankin ba yayyafi ba ne, hadari ne mai iska da tsawa wanda kan mayar da fili fadama cikin rabin sa'a.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ɗanɗana wannan da kanta. Ƙungiyoyin Turai sun daɗe suna ƙorafin cewa gasar Afirka tana ɗauke musu 'yan wasa a tsakiyar kakarsu, saboda haka a watan Yulin 2017 CAF ta yanke shawarar mayar da gasar Yuni da Yuli, ta kuma ƙara yawan ƙasashe daga 16 zuwa 24. Aka gwada a Masar a 2019 cikin tsananin zafi, har ɗan wasan Nijeriya Samuel Kalu ya yanke jiki ya faɗi a wajen atisaye saboda ƙarancin ruwa a jiki. A wannan gasar ce Benin ta fitar da Maroko a bugun fanareti ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, inda Senegal ta cire ta da ci 1 da nema. Daga nan shawarar ba ta sake aiki yadda aka tsara ba. Gasar Kamaru aka mayar da ita Janairu saboda damina, annobar korona kuma ta tura ta 2022. Ta Kwaddebuwa, wadda aka shirya yi a tsakiyar 2023, ita ma ruwa ya kora ta zuwa Janairu da Fabrairun 2024. Ta Maroko kuwa aka fara ta 21 ga Disamba, 2025, cikin sanyi da ruwan hunturun can. A taƙaice, a Afirka ta Yamma an zaga an dawo kan watannin nan da ake kira na sanyi, domin su ne kaɗai ba ruwa, ba kuma zafin bazara.

6.0 Garuruwa uku da suka riga suka gwada

Ba sai an yi hasashe ba, domin akwai inda aka gwada. In mai karatu ya ɗauki taswira ya aza yatsa a kan Parakou, ya ja shi yamma a miƙe, zai bi ta kan Tamale ta arewacin Gana, sannan Korhogo ta arewacin Kwaddebuwa. In ya ja shi gabas zai tarar da Garwa ta arewacin Kamaru. Duk garuruwan nan huɗu suna tsakanin digiri 9 da 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, duk hunturu ɗaya ke busa su, duk kuma akwai Hausawa a cikinsu. Uku daga ciki sun karɓi gasar kofin Afirka a Janairu. Tamale ta yi a 2008, a sabon filin da aka gina domin gasar, har aka buga wasan da Kamaru ta fitar da Tunisiya da ci 3 da 2 bayan ƙarin lokaci. Garwa ta yi a 2022, a filin Roumdé Adjia, inda Nijeriya ta doke Masar da ci 1 da nema ranar 11 ga Janairu, Hausawa da Fulanin gari da na Adamawa suka mayar da filin tamkar gida, kafin Tunisiya ta kore ta ranar 23 ga wata. Korhogo ta yi a 2024 a filin Amadou Gon Coulibaly mai ɗaukar mutum 20,000. Kafin su duka, Kano, wadda hunturunta ya fi nasu tsanani nesa ba kusa ba, ta karɓi rukunin Masar da Senegal da Burkina Faso da Zambiya a filin Sani Abacha a shekarar 2000. Wani abin dariya shi ne Tunisiya ta buga wasa a duk garuruwan nan huɗu, ta ci Masar a Kano, Namibiya kuma ta ci ta a Korhogo. In ana neman shaidar hunturu, sai a tambaye su.

A cikin waɗannan gasanni babu wadda ɗari ya wargaza. Ƙorafin da aka fi ji a 2024 na zafi ne, musamman wasannin da aka sa ƙarfe 2 na rana, irin wanda Nijeriya ta yi da Ikwatoriyal Gini a Abijan ranar 14 ga Janairu. Wannan ya kawo mu kan abin da nake ganin ya fi wata muhimmanci, wato sa'a.

Agogon Benin ɗaya ne da na Nijeriya da Nijar, alhali ƙasar tana yamma da Nijeriya. Sakamakon haka, a watan Janairu rana ba ta kai tsaka a Parakou sai wajen ƙarfe 1, ba ta kuma faɗuwa sai kusan ƙarfe 7. Wasan da aka take ƙarfe 4 na yamma, kamar yadda aka saba a filayen da ba su da fitila, an take shi ne a daidai lokacin da gari ya fi zafi. Wanda aka take ƙarfe 8 na dare kuwa, bayan an idar da sallar isha'i, abin da ke da muhimmanci a gari mai yawan masallatai irin Djougou, zai samu iska mai daɗi wadda ba a samun irinta a bakin teku. 'Yan kallo za su sa rigunan sanyi, shi ke nan. Masu shirya tseren gudun fanfalaki na Parakou, wanda ake yi a watan Fabrairu, sun fahimci haka ta ɗaya ɓangaren, da sassafe suke sakin masu gudu. Amma wasan dare yana buƙatar fitilu masu ƙarfin da talabijin ke so, da wutar da ba za ta ɗauke ba.

7.0 Yanayi a matsayin makami

Wata hujjar da masu adawa kan kawo ita ce ta adalci: wai mai gida zai ci moriyar yanayin da ya saba da shi. Gaskiya ne ana yin haka da gangan, kamar yadda aka gani a Minnesota. A 2007 FIFA ta haramta buga wasannin ƙasa da ƙasa a wuraren da suka haura mita 2,500 sama da teku, abin da ya shafi La Paz ta Bolibiya mai tsayin kimanin mita 3,600. Shugaban ƙasar na lokacin, Evo Morales, ya hau kan dutse ya buga ƙwallo domin nuna rashin yarda, yana cewa mutum yana da haƙƙin yin wasa a inda aka haife shi. A 2008 aka jingine dokar.

Mu ma muna da namu labarin. A ranar 18 ga Yuni, 2005, Nijeriya ta karɓi Angola a Kano a wasan neman gurbin kofin duniya. Mutane da yawa sun zaci zafin Kano zai narkar da baƙi. Aka manta cewa mafi yawan 'yan wasan gida daga Turai suka sauka. Okocha ya ci da wuri, daga baya ƙafafu suka yi nauyi, Angola ta farke, aka tashi 1 da 1. Ƙasashen biyu suka ƙare da maki ɗaya, Angola ta wuce Jamus saboda ta ci Nijeriya a Luwanda. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Haka abin zai kasance a Benin, domin manyan 'yan wasanta ma a waje suke, hunturun Parakou baƙo ne a gare su kamar yadda yake ga abokan karawarsu. A wasan ƙarshe na gasa kuwa, wanda ake tsayar da filinsa shekaru kafin a san masu bugawa, maganar fifita mai gida ba ta ma taso ba.

8.0 Abin da ya tsare hanya

To in ba ɗari ba ne, mene ne? Amsar ba ta da daɗin ji: fili ne da abin da ke kewaye da shi. Gasar ƙasashe 24 tana buƙatar filaye shida, biyu masu ɗaukar mutum 40,000, biyu masu 20,000, biyu masu 15,000, kowanne da filayen atisaye da otal-otal da asibiti da hanyar jirgin sama. Benin ita kaɗai ba ta da su, shi ya sa ta haɗa kai da Nijeriya suka nemi gasar 2025, wadda aka ba Maroko ranar 27 ga Satumba, 2023. Ba arewa kaɗai abin ya shafa ba. Babban filin Kwatano da kansa, wanda ke ɗauke da sunan Mathieu Kérékou, ya rasa amincewar CAF na wani lokaci, har Benin ta koma karɓar baƙinta a Abijan. A can ta doke Nijeriya da ci 2 da 1 ranar 10 ga Yuni, 2024, a wasan da ake kira na gida, ba ɗan Kwatano a kusa balle ɗan Djougou.

Gwamnatin Patrice Talon ta gina filayen wasa 22 a ƙananan hukumomi, Djougou da Nikki da Malanville suna ciki, kowanne da wurin zaman mutum kimanin 3,000 da ciyawar roba. Robar tana da nata amfanin, domin ciyawa ta gaske tana son ban ruwa kullum na tsawon wata biyar ko shida da ba a samun ɗigon ruwan sama, a garuruwan da ruwan famfo kan yi wuya da rani. Parakou da madatsar kogin Okpara ta dogara, kuma ba ƙaramar shawara ba ce a ce za a shayar da fili kafin a shayar da unguwa. Sai dai roba tana da nata aibin a irin wannan ƙasa: tana shan rana fiye da ciyawa, da la'asar har takan ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, ƙurar hunturu kuma tana shiga tsakanin zarenta ta daskare in ba a sharewa.

Fili mai mutum 3,000 ba zai karɓi kofin Afirka ba, kuma ban ga hikimar a gina wa Djougou mai 20,000 domin wasa huɗu ko biyar ba, daga baya a bar wa awaki. Parakou dabam ce. Tana da jama'a, tana da jami'a tun 2001, tana da ƙungiyar da ta saba ɗaukar kofi, kuma 'yan kallo za su iya zuwa mata daga Djougou da Kandi da Natitingou, har daga Gaya da ƙasar Bargu ta ɓangaren Nijeriya. Abin da Tamale da Korhogo suka iya bai fi ƙarfinta ba. Kafin a kai can kuma, akwai wasannin da ba sa jiran izinin CAF, kamar wasan ƙarshe na kofin ƙasa, ko na gasar makarantu, ko na mata. Waɗannan hukumar ƙwallon Benin ce ke da ikon cewa a buga su a arewa, a watan Disamba ko Janairu, da dare, a tanadi ruwan sha a gefen fili, a kuma ajiye rana ɗaya ta ko-ta-kwana saboda ranar da hazo zai rufe gari.